Gaisuwa a Kan Azara

Jiya ina zaune a bencin bakin ƙofa ina jiran a duba min gwiwa, sai na ji ɗayarku, ba zan kama suna ba amma ta san kanta, tana gaya wa 'yar'uwarta wai duk asibitin nan babu inda ake hutawa kamar sashen gashin ƙashi. Wai ba jini ba allura, sai dai ka harɗe hannu ka ce wa tsoho ya kalli bango ya girgiza kai. Na yi dariya har gwiwar ta amsa. Tunda yau shugabarku ta ce in zauna in yi muku hira, to ku kife wayoyin nan ku matso. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina sa tsofaffi suna kallon bango suna girgiza kai, kuma akwai mutum guda da na kusa kashewa alhali hannuwana suna harɗe.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shara ce. Malam Datti, wanda na koya a hannunsa, tsohon ma'aikacin jinya ne da ya yi zaman soja, a can ya koyo gashi da motsa gaɓoɓi. Dogo ne, ba ya son surutu, kuma ban taɓa ganin haƙorinsa a wurin aiki ba. Ya miƙo min tsintsiya ya ce in na gama in zauna a bakin ƙofa in kalli ƙafafun masu shigowa. Da yamma sai ya tambaye ni, "Habu, me ka gani?" In ce na ga mutane sun shigo sun fita. Sai ya ce, "Gobe ka koma." Na fi wata guda a bakin ƙofar nan ina jin haushinsa, kafin idona ya buɗe. Na fara gane mai ciwon ƙugu daga yadda yake jan ƙafa, da mai shanyewar ɓarin jiki daga yadda takalminsa ɗaya ya cinye ta gefe. Sai kuma wasu mutane da ƙafafunsu lafiya lau, amma suna ware su kamar masu tsallake kwata, yatsa ɗaya yana bin bango, wuya a sandare. In ka kira su ba sa waiwayowa, sai su juyo da jikinsu gaba ɗaya a hankali. Ranar da na kwatanta wa Malam Datti tafiyarsu ya ce, "Waɗannan su ne masu jiri. Ajiye tsintsiyar."

Da ƙwarya ya koya min kunne. Ya zuba ruwa rabi, ya juya ta a tafin hannunsa, sannan ya tsayar da ita cak, ruwan kuwa ya ci gaba da kewayawa shi kaɗai. Ya ce can cikin kunne, bayan inda tsinken sakace yake kaiwa, akwai 'yan ƙananan hanyoyi masu ruwa a ciki, su ne suke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kai ya juya ko yana tsaye. In zazzaɓi ko wani ciwo ya taɓa na ɓangare ɗaya, sai kunnen dama ya ce ana tafiya, na hagu ya ce ana zaune, mutum ya rasa wanda zai gaskata. Ya ce tsayuwar ɗan Adam irin tukunya ce a kan duwatsun murhu uku, ido da tafin ƙafa da cikin kunne. In dutse ɗaya ya goce, aikinmu mu koya wa sauran biyun ɗaukar nauyi, mu kuma matsa wa gurgun har ya ɗan dawo. Kwanciya a ɗaki mai duhu da shan ƙwayar da ke sa barci suna da daɗi a kwanakin farko, amma wanda ya daɗe a kansu ba ya tashi. Jirin da mutum yake gudu, shi za a riƙa ɗanɗana masa kaɗan-kaɗan har ƙwaƙwalwa ta saba.

Na daɗe ina mamakin yadda masu jiri suke ba da labarin ciwonsu, don babu biyu da suke faɗa iri ɗaya. Wata mata daga Zakirai ta ce min in ta kwanta rufin ɗaki yana tashi sama ya yi ta juyi kamar faifai, ita kuma tana kallo daga ƙasan rijiya. Wani tela ya ce ƙasa ce take makara, ya aje ƙafa amma sai an jima take zuwa ta tarye shi. Akwai wanda ya ce tun da ciwon ya same shi yake jin kamar bai gama farkawa daga barci ba, yana jin muryar 'ya'yansa daga tsallaken wani kogi. Ban rubuta ko ɗaya ba. Amma yanzu da na tsufa, in na gyangyaɗa bayan azahar, sukan dawo min ɗaya bayan ɗaya, suna tafe suna bin bango da yatsa.

Kayan aikin da na tarar lokacin da aka tura ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Rimin Gado, ni kaɗai ba Malam Datti, da kun gan su da kun yi kuka. Akwai fitilar gashi da ta fi shekara tana jiran wuta. Akwai sanduna biyu na dafawa da wani maƙeri ya haɗa min da tsohon bututun famfo, da madubin da aka ɓalle daga jikin kabad. Katifar soson da ake tsayawa a kai ɓeraye suka cinye ta, na maye gurbinta da buhun ƙaiƙayi, kuma wallahi buhun ya fi ta aiki, don yana zamewa a ƙarƙashin ƙafa kamar ƙasar gona. Sai alli na jan layi a siminti, da ɗigon shuni a bango daidai tsayin ido, da wani tsohon rawani da nake ɗaura wa mutum a ƙugu in riƙe ta baya. Rawanin nan ya tare mutane daga faɗuwa fiye da yadda zan iya tunawa. Abu na ƙarshe da na zo da shi daga wurin Malam Datti shi ne shiru. A ɗakinsa ko tari ba a yi in mai jiri yana kan layi, ni ma na ɗauki wannan na riƙe kamar farilla.

Baba Ilu a amalanke aka kawo shi, a shekarar da damina ta yi mana gardama. Ku ba ku ga wannan shekarar ba. Hadari zai haɗu har a fara kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, gonakin da suke manne da juna tun daga bakin gari har inda ido ya ƙare duk suka koma launi ɗaya. Mutane suna tafiya a hankali, suna magana a hankali, har awaki sun rage kuka. Majiya ƙarfi suka watse cin rani. Ɗan Baba Ilu guda ɗaya namiji ya tafi kurmi, ya bar masa mata da 'ya'ya, kuma tun tafiyarsa ba a ji ɗuriyarsa ba.

Matarsa, Inna Hansai, ita ta yi min bayani, don shi yana kwance ya rufe fuska da hula. Ta ce zazzaɓi ya yi, da ya sauka sai duniya ta kama juya masa, kwana uku yana amai. Juyawar ta lafa amma tafiya ta gagara, yau wata biyu ke nan yana ɗaki. An yi hayaƙi, an yi rubutu, an sha ƙwayoyi.

"Likita," in ji ta, "ni ba doguwar magana na zo da ita ba. Rumbu babu komai. Abin da ya rage mana fegin Malam na Watari ne, na noman rani. Na yafa ɗan irin tumatirin da muke da shi a bayan ɗaki, ina ba shi ruwan wanke-wanke. In ya isa dashe Malam bai tashi ba, mu bakwai ne a gidan nan."

Na tambaya ko babu wanda zai dasa musu. Ta ce dashe ai na yini ɗaya ne, maƙwabta za su taimaka, amma ban ruwa fa? Ƙofar ruwan tana wannan tsallaken kanal, wato babbar hanyar ruwan, fegin yana wancan, kuma mai fegi sai ya tsallaka ya dawo sau da yawa a yini. Gadar siminti tana da nisa. Abin da kowa yake bi azara biyu ce ta giginya da aka gitta a kan ruwan, faɗinta bai fi tafin ƙafa biyu ba. Kowa kuma da nasa fegin da nasa bakunan. Wato dai aikina shi ne in ɗora mutumin da ba ya iya zuwa bayan gida sai an riƙe shi a kan azarar nan, da kwando a ka, kafin renon tumatirin ya tsufa.

Suka sauka a gidan ƙanwarta a bayan asibiti, muka fara. Na zaunar da shi gaban ɗigon shuni na ce ya kafa masa ido ya riƙa juya kai dama da hagu. Juyi biyar ya yi ya nemi kwano. Ya goge baki ya ce, "Yaro, ni na zo a raba ni da jiri, kai kuma kana kira min shi." Na ce haka maganin yake, Baba. Ya ce to Allah ya isa tsakaninsa da maganin, sannan ya gyara zama ya ci gaba. Mutum ne mai zuciya, ga ban dariya. Sau uku a yini muke yi. Daga zaune muka koma tsaye, daga tsaye muka hau buhun ƙaiƙayi, ido buɗe, ido rufe. Muka shiga tsakanin sanduna, muka fito muka hau layin alli, ina riƙe da rawani ta baya. Duk wanda ya leƙo ƙofa sai in daka masa tsawa in ce ana aiki. Inna Hansai ma a waje nake barin ta. Ɗakin yakan yi tsit har kana jin numfashinsa da ƙarar ƙaiƙayi.

Cikin sati na huɗu Baba Ilu ya bi layin alli daga bango zuwa bango, ya juyo ya dawo, da kwandon yashi a kansa, ban taɓa rawani ba. Na ji kaina ya yi girma. Na ce a raina ina ma Malam Datti yana nan. Na sallame shi, har na raka shi bakin titi ina ba shi shawara irin ta masu ilimi.

"Baba, in ka hau azara ka kafa ido a kan abu ɗaya a tsallake. Kada ka kalli ruwa. Kuma kada ka kula kowa sai ka sauka."

Ya dube ni ya ce, "To." Irin to ɗin nan da manya suke ce wa yaro in ya faɗi abin da ba zai yiwu ba. Ni kuwa na ɗauka alkawari ne.

Kwana huɗu aka dawo min da shi a amalanken nan dai, goshi a fashe, kafaɗa a kumbure. A tsakiyar azara ya faɗa, ruwa ya ja shi har bakin wata ƙofar ruwa, nan mutane suka cafko rigarsa. Da ƙofar a buɗe take da sai dai gawarsa. Rabin renon da ya ɗauka ya bi ruwa. Na tsorata, tsoron kuma ya fito min a faɗa.

"Baba, me ya faru? Jirin ne ya dawo?"

"Babu jiri. Lafiya lau nake tafiya. Maƙwabcina ne ya hango ni daga baya ya ce barka da fitowa, ya jiki."

"Ban ce kada ka kula kowa ba?"

Ya ɗago da ido ɗaya, don ɗayan ya rufe da kumburi. "Likita, mutumin nan sau uku yana zuwa duba ni ina kwance, har da 'yar tsabar dawa a wannan shekarar. Ya gaishe ni in ba shi ƙeya? A ce Ilu ya tashi daga ciwo ya daina amsa gaisuwa? Ai gara ruwan."

Inna Hansai tana tsugune a bakin ƙofa inda na saba barin ta. Ta ce, "A gida ma haka yake, Likita. Zai kewaya tsakar gida sau goma ba abin da ya same shi. Da an yi sallama a zaure sai ka ga ya dafa bango. Na so in gaya maka, to kullum kana cewa a yi shiru."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na fita na zauna a gindin darbejiyar asibiti ina kallon mutane suna wucewa, kamar zamanin da nake bakin ƙofar Malam Datti, sai dai wannan karon ba ƙafafu kaɗai nake kallo ba. Babu wanda ya yi taku ashirin bai gaisa da wani ba. Mai keke yana gaisuwa, mai ɗauke da itace tana gaisuwa, ana waiwaye ana ɗaga hannu ana rusunawa, ƙafafu kuma suna ta aikinsu ba wanda ya tuna da su. Nan na gane abin da ƙwarya ba ta koya min ba. Tukunyar Baba Ilu ba ta zauna a kan duwatsunta ba, hankalinsa ne yake riƙe da ita da hannu biyu. Ni kuma na kore masa duk abin da zai janye hannun, na ga tukunya a tsaye na ce ta zauna. Na koya masa tafiya a wata duniya da ba kowa a cikinta, alhali a ƙasarmu ko kabari za ka sai an yi maka sannu a hanya.

Yanzu kuna da suna mai tsawo na Turanci da kuke kiran wannan, wato horar da mutum ya yi abu biyu a lokaci ɗaya. Mu a lokacin ba mu da sunan. Na dai tuna Malam Datti ya taɓa cewa wasu sukan sa mai jiri ƙirge da baya yana tafiya. Da kafaɗarsa ta yi sauƙi na gwada. Baba Ilu ya bi layi yana ƙirgawa, ya ɗan yi tangaɗi, ya kai bango ya yi dariya.

"Wannan ai ni da kaina ne, Likita. In na ji ƙafa za ta goce sai in dakata da ƙirgen, ba wanda zai ji haushi. Gaisuwa kuwa ba ta jira."

Gaskiyarsa. Ku duba abin da ke cikin ina kwana guda ɗaya. Ba ka san ta inda za ta fito ba. Sai ka juya kai ka nemo mai ita, ka gane shi, ka tuna matarsa ce ba lafiya ko uwarsa, ka auna ko na gaba da kai ne, ka amsa a kan lokaci, ka mayar masa da tasa kafin ya rufe baki. Duk wannan a kan ƙafa ɗaya, don ɗayar tana sama.

Washegari na je wurin wani magini na aro azara biyu, na shimfiɗa su a ƙasa a gindin darbejiya, inda masu jiran ganin likita suke zama. Na roƙi maigadi da matan da suka zo awo da tsofaffin da ke kan benci, na ce aikinku ɗaya, in tsohon nan ya hau ku gaishe shi. Suka dube ni kamar na taɓu. Na ɗaura rawani, Baba Ilu ya hau, maigadi ya ce, "Ina kwana, Baba?" Kafin ya kai ga lafiya lau yana jikina. Muka sake. Da farko mutum ɗaya ne daga gaba, gaisuwa gajera. Da ya iya wannan na mayar da mai gaisuwar gefe, sannan baya. Na ce su ja ta, su tambayi gida da gajiya da jikoki da labarin ruwa. Na mayar da kwandon yashi kansa. Na ɗora azarar a kan bulo. Daga baya na ɗauke ta na gitta a kan kwatar da ke fitowa daga bakin rijiya, don idonsa ya saba da ruwa mai tafiya a ƙarƙashinsa. Babban jami'in asibitin ya leƙo wata rana ya ce, "Habu, sashen gashi ne wannan ko gidan suna?" Bai bar wurin ba sai da shi ma ya yi tasa gaisuwar.

Ina yawan tuna safiyoyin nan. Mutane ne masu yunwa, kowa da ciwonsa, wasu ko karyawa ba su yi ba, amma da tsohon ya hau azara sai fuskoki su saki. Muryoyi suna tasowa daga nan da can a cikin inuwa, sannu Baba, ya ƙarfin jiki, ina gajiya, ya mutan gida, shi kuma yana tafe a tsakiyarsu a hankali, inuwar ganye tana yawo a kan rigarsa, yana rarraba amsa dama da hagu. Wani lokaci nakan manta ni ne mai riƙe da rawani, sai in ji kamar dukanmu muna cikin kwalekwale ɗaya ruwa yana tafiya da mu.

Abu ɗaya ne ya riƙa haɗa mu faɗa. In wanda ya girme shi ya gaishe shi, sai Baba Ilu ya tsaya a kan azara ya lanƙwasa gwiwa ya rusuna, da kwando da komai. In ce, "Baba, bar rusunawar nan, ba ta cikin aikinmu." Ya ce, "To." Gobe ya sake. Sau biyu yana kifowa ina tare shi. Da na gaji na ƙyale shi, na dai ƙara naɗe rawanin a hannuna.

Sati biyu da 'yan kwanaki muka yi a haka, sai Inna Hansai ta zo ta ce ragowar renon ya fara yin tsayi yana neman fure, in aka ƙara kwana uku ba zai kama ba, kuma babu wani irin. Ban gamsu ba, amma na sallame shi.

Ranar dashen na hau kekena da sassafe na bi su Watari. Tafiya ce a cikin busassun gonaki, karan gero tsaye ba kai, sai can ka hango wani kore shar a kwance kamar an shimfiɗa sabon zane, ka ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ka manta da shi. Kanal ɗin ya fi yadda na zata faɗi, ruwan kuma yana gudu da sauri ba ƙara, gajimare yana tafiya a cikinsa. Azarar ta yi santsi saboda ƙafafu. Na sa hannu a aljihu na taɓa rawani, na ga ba shi da amfani, don wurin ba zai ɗauki mutum biyu ba.

Labari ya riga mu zuwa. Masu fegi suka ɗago daga aikinsu, kowa ya kama bakinsa saboda tausayi, har maƙwabcin nan ya toshe nasa da hannu. Inna Hansai ta ɗora masa kwandon reno an lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Ya yi bisimilla ya hau. Taku ɗaya, biyu, biyar, lafiya. Ya kai tsakiya.

A tsallaken, gindin wata tsamiya, akwai wani tsoho tukuf da ake kira Malam Tukur, abokin mahaifin Baba Ilu, wanda jikokinsa suke kawowa ya sha inuwa. Idonsa ya yi rauni, kunnensa ya yi nauyi, ko an gaya masa a yi shiru bai ji ba. Ya hangi inuwar mutum a kan ruwa ya ɗaga murya.

"Wane ne nan? Kamar tafiyar Ilu."

Baba Ilu ya tsaya. Ya juya kai wajen tsamiya, ya sa hannu ɗaya ya dafe kwando, ya lanƙwasa gwiwa ya yi ƙasa a hankali, a tsakiyar azara, ruwa yana wucewa a ƙarƙashinsa.

"Ni ne, Allah ya gafarta Malam. Barka da hantsi."

"Ilu! Ashe ka tashi? Ya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Eye?"

"Na ce da sauƙi, Allah ya gafarta Malam!"

Tsohon nan bai bar komai ba. Ya tambayi Hansai, ya tambayi jikoki, ya tambayi gajiya, kowace amsa sai an maimaita masa. Sannan ya ce, "Yaron nan naka na kurmi fa, an ji labarinsa?" Na ga kwandon ya karkata, na ga yatsun ƙafar Baba Ilu sun damƙi azara.

"Har yanzu shiru, Malam. Sai addu'a."

"Allah ya bayyana shi."

"Amin, amin."

Ya miƙe a hankali kamar yadda ya sauka, ya gyara kwando, ya ƙarasa sauran takun ya taka ƙasa. Rusunawar da na yi sati biyu ina hana shi, ita ce ya fi buƙata a ranar. Wata mata ta rangaɗa guɗa daga cikin albasa. Inna Hansai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na tarar da kaina zaune daɓas a kan kunyar gona, ban san lokacin da na zauna ba.

Ya sauke kwandon ya juyo ya hango ni. "Likita, tun ɗazu ka zo ba mu gaisa da kyau ba. Tsallako mana."

Na tashi na hau azarar nan da lafiyayyun kunnuwana biyu. Taku uku na yi na kalli ruwa, sai na ga azarar ce take tafiya, ruwan yana tsaye. Ya ce, "Ina kwana, Likita? Ya gajiyar hanya?" Na ware hannuwa kamar shirwa na ce, "Baba, don Allah kada ka yi min magana sai na iso." Duk bakin kanal aka kwashe da dariya, har Malam Tukur da bai ji abin da aka ce ba. Baba Ilu ya ce, "To," ya ci gaba da tambayata mutan gida har na sauka.

Renon ya kama, ba duka ba, amma ya kama, kuma su bakwai ɗin nan duk sun ga damina ta gaba. Tun daga ranar ban sake korar kowa daga ɗakin gashi ba, kuma ban sake sallamar mai jiri ba sai na ji an gaishe shi daga baya ya amsa yana tafe.

To, ke mai cewa a nan ake hutawa, taso. Ga layin tayil nan, ɗauki wancan kwanon ruwan ki ɗora a ka, ki bi shi har bango, dugadugi yana taɓa yatsa. Yauwa, haka. Kada ki tsaya. Ina wuni, 'yata? Ya mutan gida? Ai ba a amsa wa tsoho da ƙeya, juyo ki dube ni.